Kukan Ɗan Ayu a Glenwood

Akwai wani ɗalibi a birnin Greensboro na Amurka mai suna Hamidou, ɗan garin Gaya ta Nijar, wanda ya ƙetaro teku don ya karanci dabbar da ya baro a bayan gidansu. Bincikensa a kan ayu ne, dabbar nan ta kogi mai girman saniya, wadda ciyawa kawai take ci, take kuma shayar da ɗanta kamar mutum.

Ayu ya kusa ƙarewa a kogin Kwara saboda mansa, wanda ake cewa yana gyara zaman aure. Doka ta hana farautarsa, amma doka ba ta cika shiga kwalekwale ba.

Abokiyar aikinsa, Assibi, tana can Gaya. Ita ke saka na'urar naɗar sauti a cikin ruwa, ta aiko da faifai ta hannun matafiya, shi kuma ya saurara a ɗakinsa na haya a unguwar Glenwood. A wani lungu na kogin suka gano wata uwa da ɗanta. Ɗan zai yi 'yar ƙara siririya kamar ƙofa mai tsatsa, ya dakata, uwar ta amsa. Su biyu kaɗai suka san wurin, kuma sun yi alkawarin ko a takardar bincike ba za a ambace shi ba.

Wata Asabar aka yi suna a gidan Alhaji Chaïbou, dattijon 'yan Nijar da ke zaune a gefen titin Wendover. Auren Hamidou ya matso, kuma kawunnan amarya suna cikin falon.

"Dokta!" Alhaji ya kira shi daga kan kujera. "Yaya kifinka?"

"Ba kifi ba ne, Alhaji."

"Bon, saniyar ruwa. Sa'o'inka suna lodin kaya a warehouse suna riƙe iyali, kai kana sauraron ruwa. Ayu ai tun muna yara ya ƙare. Ina jin kwaɗi kake naɗa, Turawa su ba ka diplôme."

Falo ya kwashe da dariya. Hamidou ya duba, har kawunnan amarya suna ciki.

"Suna nan, Alhaji," ya ce, muryarsa ta ɗan ɗaga. "Uwa da ɗa. Ƙasa da kasuwar kifi, bayan tsibiri, daidai inda giginya biyu suka sunkuya kan ruwa. Da kunnena nake jin su."

Dariya ta tsaya. Alhaji ya gyara zama.

"Ikon Allah. Giginya biyu ka ce?"

"Biyu."

Hamidou ya koma gida ransa fari tas. Ya yi nasara a gardama, a gaban surukai kuwa.

Da faifai na gaba ya iso, Hamidou ya sa abin saurare a kunne da hantsi, shayinsa a gefe. Ɗan ayu ya yi kira, ya dakata. Shiru. Ya sake kira, ya dakata. Haka har ƙarshen faifan, sai motsin ruwa.

Ya sayi katin waya ya kira Gaya.

"Assibi, na'urar ce ta lalace?"

"Na'ura lafiyarta ƙalau," ta ce. "Hamidou, wa ka faɗa wa?"

"Wa zan faɗa wa a Amurka?"

Ya riƙe wayar a kunne yana jiran amsarta har katin ya ƙare.

Daga nan ya fara jin ƙarar a inda bai kamata ba. A birkin bas a tashar Downtown. A tayar keken sayayya a kanti. Sannan a famfon kicin ɗinsa, da rana tsaka. Likitan jami'a ya ce gajiyar karatu ce. Mai gidan haya ya ce duk tsofaffin gidajen Glenwood haka bututunsu ke kuka, kuma wataƙila gaskiyarsa ce.

Sai dai bututun ba ya kuka a jere. Zai yi sau ɗaya, ya dakata daidai tsawon da amsa za ta ɗauka, sannan ya sake. A cikin wannan dakatawar Hamidou kan tsinci kansa a tsaye, ya riƙe numfashi, yana jira tare da shi.

Ana gobe ɗaurin aure, bayan la'asar, Alhaji Chaïbou ya yi sallama da kansa. Ya zaro wata 'yar kwalba naɗe a jarida ya damƙa masa. Mai ne a ciki, fari-fari, ya ɗan daskare.

"Kyautar ango," in ji Alhaji yana murmushi. "Man ayu, na gaske, ba jabun kasuwa ba. Ranar sunan nan na kira ƙanena a Gaya. Ya ce da kwatancenka mafarauta ko ɓatan kai ba su yi ba. Ka ga amfanin boko, Dokta."

Kwalbar ta yi ɗumi a tafin Hamidou. Ɗumin aljihun Alhaji ne, ba shakka.

"Ɗan fa, Alhaji?"

"Wane ɗa? Ƙaramin ai ba shi da mai. Nan suka bar shi."

A kicin, famfo ya yi 'yar ƙara, ya dakata.

Alhaji ya waiwaya, ya saurara, murmushin ya ragu a fuskarsa.

"Ka sa a gyara famfon nan kafin amarya ta tare," ya ce, yana neman takalmansa. "Kamar yaro ke neman uwarsa."

Darasi: Ba kowace dariya ce sai ka rama ba. Sirrin da aka ba ka amana, sau da yawa ran wani ne ke rataye da shi, kuma wanda zai biya kuɗin burgarka yawanci ba ya cikin falon. Ku tura wa 'yan uwa, musamman mai son a san ya sani.