Saniyar da Aka Ɓoye a Bayan Gida

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, wanda Allah ya buɗa masa ƙofar arziki ta hanyar saniya guda ɗaya. Da ita ya fara, yana tatsa yana zagawa da madara gida-gida, har garkensa ya kai shanu tara, kowa a unguwa ya san shi da Mai Madara. Saniyar nan ta farko kuwa Mai Albarka yake kiranta, kuma sunan bai yi ƙarya ba.

Hukuma ta ba shi lasisi bisa sharaɗi. Garke ya zama da inuwa da ruwa mai tsabta, kada a cunkushe dabbobi, wadda ta kamu da ciwo a ware ta a kai rahoto. Duk shekara likitar dabbobi takan zo ta duba kafin a sabunta takarda. Mace ce mai bin diddigi, sai ta buɗe bakin kowace saniya, ta leƙa kwamin ruwa, ta taka ƙasan garken ta ji ko akwai danshi. Shi kuwa in ta juya baya sai ya ce, "Uwar shanu ke nan. Kai ka ce ita ta haife su."

Ana nan sai Mai Albarka ta fara tari. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, amma nono bai ɗauke ba. Mutumin nan ya san abin da yake gani, ba yau ya fara kiwo ba. Bai ware ta ba, bai kira likita ba. Ya ci gaba da tatsarta yana juyewa cikin na sauran, yana sayar wa iyayen yara. Sai dai madarar gidansa a kwano daban yake tatso ta, daga lafiyayyiyar saniya. Kun ji son kai? 'Ya'yan wasu su sha, tasa 'yar kada ta sha.

Da lokacin duba ya matso, ya share garke fes, ya ja Mai Albarka ya kai ta bayan gidansa ya ɗaure. Matarsa ta tambaye shi ko lafiya, ya ce, "Hutu take yi. Ke dai ki bar ta." Bai faɗa mata gaskiya ba, don ya san bakinta ba ya riƙe ƙarya.

Likita ta zo ta ƙirga takwas, ta ce, "Malam, ina ta tara?" Ya ce ya sayar. Ta sa hannu a takarda, ya rako ta yana murmushi. Don kada maƙwabtan garke su tona shi, sai ya bar saniyar a gida, yana fita da safe ba ya ko waiwayarta.

Hantsarta ta cika ta yi tauri, tana kuka. Matarsa mai tausayi ce, ta kasa jurewa. Kullum sai ta ba ta ruwa, ta tatse ta, ta miƙa wa 'yarsu mai shekara huɗu madarar da ɗuminta, ba tafasawa. Ai ta gida ce, me za a ji tsoro?

Bayan 'yan watanni yarinya ta fara zazzaɓi, wuyanta ya kumbura, ta daina cin abinci. A asibiti aka yi ta gwada magani ba sauƙi. Likitan yara ya ce, "Akwai mai tari a gidanku? Ko tana shan ɗanyar madara?" Uwar ta ce, "Ta saniyarmu kawai, ta rame dai, amma maigida ya ce hutu take yi." Mai Madara yana tsaye a bakin gado, sai a lokacin ya gane madarar da 'yarsa take sha.

Kwana biyu yana kokawa da zuciyarsa. In ya yi magana sana'a ta tafi, in ya yi shiru 'ya ta tafi. A na uku ya ga yarinyar ta kasa ɗaga kofi, sai ya fashe da kuka ya faɗi komai. Daga nan ya taka da ƙafarsa har ofishin matar da yake yi wa ba'a. Ba ta zage shi ba. Ta ɗauki jakarta ta ce, "Mu je. Ka faɗa mini duk gidan da kake kai wa madara."

Aka ƙwace lasisi, aka rufe garke. Ciwon ya riga ya kama shanu biyar saboda a kwami ɗaya suke sha, aka kashe su aka binne, har da Mai Albarka. Sauran ma ba su zauna a hannunsa ba. Gidajen da suke yi masa maraba suka daina amsa sallamarsa. Wanda zai gina ramin mugunta, an ce ya gina shi gajere.

Amma ku dubi rahamar Ubangiji. An gano yara biyu a unguwar da ciwon, aka yi musu magani suka warke. 'Yarsa ta yi watanni tana shan magani, ta miƙe. Yau mutumin nan kashin shanu yake kwashewa a garken wani, kuma ban taɓa jin mai yawan hamdala kamarsa ba. Yakan ce, "Allah ya kama ni a nan inda tuba take da amfani, ya karɓi shanu ya bar mini 'ya. In na ga likitar nan a hanya, har ƙasa nake gaishe ta."

Ya 'yan uwa, dabbar da kake ci da guminta amana ce. Ba ta da bakin kai ƙara, amma Mai ita yana ji. Wanda aka turo ya duba garkenka ko kejin kajinka ba maƙiyinka ba ne, ka gode masa, don wata rana ɗanka yake tsarewa. Kuma abin da ba za ka iya ba wa naka ba, kada ka zuba wa na wani.

Allah ya sa mu zama masu godiya ga ni'imominsa, masu tausayin abin da ya damƙa a hannunmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.