Malam Jaki da Shugaba Hawainiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Baba!

Zaki ne ya buɗe ajin yaƙi da jahilci a dawa, ya naɗa Hawainiya shugaba, Jaki kuma malami. Ya ce in kaka ta yi babu tsohon da ya iya rubuta sunansa, mai laifi rabon Kura ne.

Jaki ya fara koyar da su a ƙasa da tsinke. Tsoho Kunkuru har ya kama baƙi biyu, sai ga Hawainiya kore shar.

"Malam, share! Allo ake yayi yanzu."

Suka koma allo. Bayan kwana uku ta dawo ja wur.

"Wa ya ce allo? Da waƙa za ku koya."

"Ranki ya daɗe, tsofaffi ne, kansu ya ɗaure. Ni ma ciyawa ta daina shiga cikina."

"Haƙuri dai, Malam, ai gadon gidanku ne."

Kaka ta yi, haƙarƙarin Jaki duk a waje. Zaki ya iso, Kura na biye tana lasar baki. Aka ba Kunkuru tsinke, ya zana baƙi biyu, ya tsaya.

"Ina shugaba?" in ji Zaki.

Jaki ya waiga. Tana nan kan kututture, ta koma kalar kututturen sak. Ya nuna, ya rantse, babu wanda ya gan ta.

"Ranka ya daɗe, malamin ma ya ishe ni," in ji Kura.

Washegari Kunkuru ya zo aji shi kaɗai, ya zana baƙaƙensa biyu, ya zauna jiran mai koya masa na uku.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, kowa ya kama gabansa.