Ɗan Zakaran da Ya Ƙi Cara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji, kunnenmu na gare ki.

Wata mata ce, Tasalla, mijinta ya rasu. Bai bar mata kome ba sai ɗan zakara ɗaya, wanda shi da hannunsa ya yago shuɗin ƙyalle daga tsohuwar rigarsa ya ɗaura masa a fiffike, don kada ya ɓata cikin kajin gida. In ta ga ƙyallen, sai ta ga kamar mai rigar yana tsakar gida.

To, akwai wan mijin, Tanimu, shi ke da babban Jan Zakara, ana ce masa Ja. Da sadakar arba'in ta matso, sai ya ce zakaru biyu sun yi wa akurki yawa. Ranar sadaka, wanda bai yi cara da asuba ba, shi za a yanka.

Ɗan zakara kuwa bai taɓa cara ba.

Tasalla ta je akurki. Ta tsuguna ta ba shi tsaki, ta tambaye shi abin da ya hana shi buɗe baki. Ya ce murya kam yana da ita, amma da ya miƙa wuya sai Ja ya hau shi da sara.

Asuba ta fari, ta ɓoye shi a ɗakinta. Ya yi cara ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ji sai ita. Tanimu ya ɗauko wuƙa.

Asuba ta biyu, ta ɗora shi kan rumbu. Ja ya ɗago ido ɗaya ya dube shi, ɗan zakara ya haɗiye carar. Tanimu ya wasa wuƙa.

Tasalla ta kasa ci, ta kasa zama.

Asuba ta uku, ranar sadaka, ta riga kowa tashi. Ta lallaɓa ta kife Ja da masaki, babbar ƙwarya, ta zauna a kai tana jan carbi. Cikin masaki duhu, ba wurin miƙa wuya. Ja ya ce ashe gari bai waye ba, ya koma barci.

Gabas ta yi fari. Shiru. Ɗan zakara ya duba dama, ya duba hagu. Tasalla ta ji motsin takalmin Tanimu.

Ta ce, "Yi mana, ɗan marayana. Ba kowa."

Ya miƙa wuya. Cara ta fito a karye, kamar ƙofar da ta yi tsatsa, amma har maƙwabta sun ji.

Tanimu ya tsaya da wuƙa a hannu, ya tambayi ina Ja.

Ta ce, "Yaya, ni dai cara ɗaya na ji. Kai nawa ka ji?"

Masaki ya motsa a ƙarƙashinta. Tanimu ya dubi masaki, ya dubi shuɗin ƙyallen ƙanensa. Sai ya mayar da wuƙa kube, ya ce a jiƙa wake, ƙosai ma sadaka ne.

A nan Tasalla ta samu kuka, don a daidai wannan lokaci marigayin yakan tashe ta salla.

Wanda kuka ga ya yi shiru, kada ku ce ba shi da murya. Ku duba wa ke tsaye a kansa.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya ɗauke sauran. Ku tashi, a rufe kaji.