Manomin da Ya Ɗaure Ruwa da Robar Keke

An yi wani manomi mai lambun tumatir a bakin fadama. Yana da rijiyar burtsatse, da famfo can ƙarƙashin ruwa mai shan wuta daga sola. Inda wayar famfon ta haɗu da wayar sama akwai mahaɗi da aka liƙe ruf, don kada ko ɗigon ruwa ya shiga.

Mutumin nan kuwa ba abin da bai iya ba. An ce ya taɓa gyara rediyo har ta kama tashar da ba a gina ba tukuna.

Ana tsakiyar rani, tumatir ya fara fure, sai famfo ya yi shiru. Ya jawo shi sama, ya ga mahaɗin ya tsage, wayar ciki ta yi kore kamar miyar kuka.

Matarsa ta ce, "Maigida, a kira Irmiya mana."

Irmiya mijin 'yarsu ne, mai gyaran wuta. Sai dai ranar biki manomin ya faɗa a gaban jama'a cewa aikin wuta ɗaure-ɗaure ne kawai, ko akuya aka ba filaya za ta yi.

Ya ce, "Ni in kira yaron nan? Miƙo mini ledar burodi."

Ya murɗe wayoyin da tsatsarsu da komai, ya naɗe da leda, ya bi da robar keke, ya ɗaure tamau kamar mai kai buhu kasuwa. Famfo ya tashi. Ya ce, "Kin gani?"

Ba a jima ba famfo ya mutu. Ya ƙara roba. Ya sake mutuwa, ya ƙara. Har ƙullin ya kai girman kabewa, ya ƙi shiga bakin rijiya. Tumatir ya sunkuyar da kai, fure yana zuba.

Matar ta ce, "Maigida, da robar muka shuka bana. Ita kaɗai ke girma a lambun nan."

Da ya ga amfanin shekara zai tafi, sai ya taka da ƙafarsa ya kira surukinsa. Irmiya ya zo, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya sa wuƙa ya farke ƙullin. Sai ga baƙin ruwa yana tsiyaya.

Ya ce, "Baba, ɗaurin ya yi ƙarfi. Bai hana ruwa shiga ba, amma ya hana shi fita."

Ya soma datse wayar. Manomi ya ce, "Kai, za ka gajarce mini ita!"

"Baba, sai mun yanke har inda jan ƙarfe yake ja."

Ya yanke ruɓaɓɓen, ya sa sabon mahaɗi, ya zura masa kwanson roba mai gam, ya gasa har ya manne. Ruwa ya ɓulɓulo. Furen da ya zuba ya zuba, amma saura ya ɗaga kai.

Manomi ya yi gyaran murya. "Maganar akuyar nan ta ranar biki, na janye ta."

Irmiya ya ce, "Wace akuya, Baba?"

To, ga ma'anar misalin. Mahaɗin nan shi ne tsakaninka da Allah, da tsakaninka da ɗan'uwanka. Tsatsar ita ce laifin da ka sani sarai. Robar keke kuwa, kowa a cikinmu yana da tasa: ta wani gaisuwa ce mai tsawo, ta wani waƙa ce da ƙarfi a sujada, ta wata kuma sabon zane ne ranar Lahadi. Muna ta naɗi, laifin yana jiƙe a ciki.

Ubangiji ba ya liƙe tsatsa. Yakan buɗe, ya yanke har inda rai yake, sa'an nan ya rufe da alherinsa, rufin da ruwa ba ya ketawa. Yankan da zafi, amma lambun bai mutu ba tukuna. Ka taka da ƙafarka yau. Wanda kake jin kunyar kira ya daɗe da manta akuyar.