Sarkin da Ya Nemi Sanin Ranar Shari'a

A zamanin da, a wata ƙasa da ayarin fatake ke yada zango, an yi wani sarki mai suna Tunau. Ya ji a bakin baƙi cewa duniya za ta tashi, Almasihu zai dawo ya yi wa rayayyu da matattu shari'a. Sai ya tara masana ya ce su faɗa masa ranar, domin ya sha sharafinsa, in ana gobe ya tuba. Masu duban taurari suka kasa, masu bugun ƙasa suka kasa, aka tasa ƙeyarsu zuwa kurkuku. Sannan ya dubi Waziri Anaruwa ya ce, "Saura kai. In kasuwa ta sake ci ba ka kawo amsa ba, hauni mai sare kai ne zai gaishe ka."

Waziri ya fita. Abinci ya daina shiga masa. Ya bi zango zango yana cigiya, har aka nuna masa wani tsoho mai sayar da turare, Barnaba, mutumin Habasha, mai bin Almasihu.

"Baba, ka san ranar?"

"Ban sani ba, Waziri, ko mala'iku ba su sani ba. Amma kai ni fada."

Waziri ya ga babu wata dabara, ya kai shi. Tsoho ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, in za ka duba hakimanka, kana aika musu da rana?"

Sarki ya yi dariya. "Don su share hanya, su ɓoye waɗanda suka zalunta? Sai dai su gan ni kwatsam."

"To, Zaki, mai shari'ar nan ya fi ka sanin halin mutane. Ya ɓoye ranar, amma bai rufe ƙofar tuba ba. Wanda ya zo yau, an karɓe shi. Gobe kuwa ba a ba kowa ita a hannu ba."

Fuskar sarki ta murtuke, dogarai suka matso. Waziri ya ga in ya yi shiru an gama da su duka, sai ya durƙusa.

"Allah ya ja zamaninka, ina nan ranar da marigayi mahaifinka ya gane ƙarya aka yi wa Cindo maƙeri, ba shi ya kashe ɗan sarkin kasuwa ba. Ya ce, ‘Gobe zan sake shi.’ Bai kai goben ba. Tsoro ya hana mu tuna maka. Cindo yana can har yau."

Sarki ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya tashi ba lema ba algaita, ya nufi kurkuku da ƙafa. Waziri na biye, yana tsoron kada a tarar da gawa.

Aka buɗe ƙofa. Daga can ciki wata murya ta ce, "Wane ne?"

Waziri ya gane muryar Cindo ce, yana raye.

Sarki da kansa ya kwance mari daga ƙafar maƙerin, wanda furfura ta riga ta rufe. Ya ce, "Gidanmu ya zalunce ka. Ka yafe mini, ko ni ma a yafe mini." Cindo ya dube shi har ya gaji, ya ce, "Na yafe. A fitar da ni in ga rana."

A ranar aka saki masana, aka kamo mai shaidar zur ɗin da ya yi wa Cindo ƙarya aka hukunta shi, sarki ya roƙi Barnaba ya zauna ya koya masa addu'a. Aka sake gina maƙerar Cindo a bakin kasuwa. Da safiyar da Waziri ya fara jiyo ƙarar guduma a kan uwar maƙera, sai ya tsayar da dokinsa, ya zauna kan sirdi yana saurare, har rana ta take tsaka.