Hannun Birkin Da Ya Iso Da Kirsimeti

A unguwar Manawashi cikin garin Gombe, a ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, akwai wani mai gyaran keke da ake kira Cornelius. Mutumin Kaltungo ne, amma a Gombe ya koyi sana'a, a nan ya auri matarsa Edna, a nan suka haifi 'yarsu Sandra. Ya iya aiki, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai musa ba. Keken da wasu suka ce sai dai a kai wa 'yan gwangwan, in ya kwana biyu a hannunsa sai ka ga mai shi ya hau yana murmushi. Aibinsa ɗaya ne. Bakinsa ba ya iya furta "ban samu ba" ko "ba zan iya ba". Ya gwammace ya sha wuya, ya kuma shayar da wani, da a ce wani abu ya gagare shi.

Halin nan ya ƙaru ne bayan da ya sayi babbar waya, ya koyi yin odar kaya daga kantunan intanet na ƙasashen waje. Ya taɓa yin odar sarƙa da robar birki, suka iso lafiya cikin kwali mai rubutun Turanci. Tun daga ranar kansa ya kumbura. Kwalin ma bai yar ba, sai da ya samo masa wuri a kan kanta inda duk mai wucewa zai gani. In abokan sana'a suka ce za su shiga kasuwa neman kaya, sai ya ɗaga wayar ya ce, "Ku je ku dawo. Ni yanzu Turai ce kasuwata."

A cocin da suke zuwa akwai wata bazawara, Madam Nwakaego, mai shagon kayan masarufi a unguwar Malam Inna. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Olivia, da wani keken tsere da ya sayo na hannu tun yana da ƙarfinsa. A Gombe aka haifi Olivia, Hausa a bakinta kamar ta kowa. Tun tana sakandare take hawan keken mahaifinta, kullum da sassafe kafin titi ya cika. Mutane sun yi surutu har sun gaji, ita kuwa ƙafarta sai ƙara ƙarfi take yi. A shekarar da wannan abu ya faru, aka sa sunanta cikin waɗanda za su yi tseren gwaji, inda za a zaɓi masu wakiltar jiha. Ba ta da wani buri da ya wuce wannan, ba ta kuma da wani keke sai wannan.

Ana saura 'yan makonni, ta turo keken wurin Cornelius. Hannun birkin dama, wanda da shi ne kuma ake canja giya a irin wannan keke, ya fara tauri.

Ta ce, "Kawu, mai kawai za ka ɗan sa masa. Yana kamawa, sai dai sai na matsa da ƙarfi."

A lokacin akwai mutane zaune a kan benci suna hira, kuma Cornelius ba ya iya ganin 'yan kallo ya yi ƙaramin aiki. Ya juya hannun birkin, ya taɓe baki.

"Mai? 'Yata za ta shiga tsere da wannan tsohon ƙarfe? Sabo dal zan kawo miki daga Turai, irinsa sak. Kafin ranar ya iso har ya huta."

Ta ce, "Kawu, ka tabbata? Lokaci fa ya matso."

Ya ce, "Kin taɓa jin na faɗa na kasa?"

Masu gyaran keke suna da wata al'ada da duk wanda ya yi zaman koyo ya sani. Ba a rabuwa da tsohon kaya sai sabo ya hau, an gwada shi an gamsu. Ko bayan nan ma, a leda ake ƙulla tsohon a rataya wa mai shi a kan keke, ya tafi da abinsa. Maigidan da ya koya wa Cornelius aiki ya sha ja masa kunne a kan wannan. Amma ran nan, don mutanen benci su gani, ya kwance hannun birkin nan take, ya wurga shi cikin tulin ƙarafan da ke bayan rumfa. Ya danna wayarsa, ya nuna wa kowa hoton sabon, ya ce an gama. Bayan kwana biyu mai sayen gwangwan ya zo da kurarsa ya kwashe tulin gaba ɗaya.

Ba a jima ba saƙo ya shigo wayarsa daga kantin. Sun soke odar. Suka ce kamfanin da ke ƙera wannan kaya ya raba duniya yanki-yanki, kowane yanki da dillalinsa, kuma su ba a yarje musu su sayar zuwa Najeriya ba. Cornelius ya karanta, ya sake karantawa. Ya shiga wani kantin. Kayan na nan, hotonsa na ƙyalli, amma da ya zaɓi sunan ƙasarsa sai a ce ba a kaiwa can. Ya gwada na uku, labarin bai canja ba. Ya samo lambar wani dillali a Legas ya kira, aka ce masa wannan samfurin ya tsufa, ba sa ajiye shi, in an yi oda sai bayan watanni.

Ya bi sawun mai gwangwan har inda suke tara kaya. Ya tarar an riga an loda ƙarafan a babbar mota, ta tafi tun shekaranjiya. Ya juyo hannu babu komai.

Da ya koma gida ya kasa cin abinci. Edna ta matsa masa da tambaya har ya faɗa mata komai. Ta ajiye abin da ke hannunta ta zauna kusa da shi.

Ta ce, "Baban Sandra, ka tashi yanzu ka je ka gaya wa yarinyar nan gaskiya, tun da sauran lokaci. Su nemi wata hanya."

Ya ce, "In ce mata me? Turawa sun ƙi sayar mini? Gobe duk Manawashi a ji, masu faci su samu abin dariya."

"Dariyar kwana nawa ce? Ba laifinka ba ne da suka hana. Laifinka shi ne in ka ɓoye."

Ya ce, "Ke dai bar ni. Akwai dabara."

Dabarar ita ce ƙanen Edna mai suna Danny, wanda ke aikin jinya a Ingila. Cornelius ya sake yin odar, wannan karon ya rubuta adireshin Danny kamar shi ne mai saye. Nan da nan kantin ya karɓa. Ya yi ta murna, yana cewa ya yi wa Turawa wayo. Murnar ba ta daɗe ba. Da ya kira shi, sai Danny ya ce masa, "Yaya, kayan sun zo hannuna. Amma na tambaya, in na aiko ba wanda zai ba ni tabbacin ranar da za su fito daga hannun masu duba kaya. Ƙaramin abu ne, zai iya ɓacewa ma. Ka bari in taho da shi da Kirsimeti." Tseren kuwa ƙarshen damina za a yi, Kirsimeti na can gaba da nisa.

Kullum Olivia sai ta biyo ta rumfa. Kullum amsar ɗaya ce: yana hanya, ya iso Legas, ya taso daga Legas. Kekenta na rataye a reshen dogon yaro babu hannun dama, ita kuma tana motsa jiki da gudu a ƙafa don kada ta yi sanyi. Duk ranar da ya yi mata ƙarya, sai ta gobe ta fi sauƙin fita daga bakinsa.

Da ranar ta matso ƙwarai, ya shiga kasuwa wurin Aloysius, wani mai sayar da kayan keke da suka daɗe suna hulɗa. Ya nuna masa hoton. Aloysius ya shiga ciki ya lalubo wani mai kama da shi, har launin ɗaya.

Ya ce, "Oga Cornelius, gaskiya zan faɗa maka, kama ce kawai. Wannan na ado ne, na mai zuwa makaranta ya dawo a hankali. Ƙarfensa ba ya ɗaukar matsa mai ƙarfi. Keken wane ne?"

Cornelius ya kau da kai ya ce, "Na wani ɗan makaranta ne."

Ya kawo shi rumfa, ya goge shi har yana ɗaukar ido, ya sauko da tsohon kwalin nan mai rubutun Turanci ya saka shi ciki. Da Olivia ta zo, a gabanta ya buɗe kwalin, a gaban mutanen benci kuma. Yarinyar ta yi tsalle kamar ƙaramar yarinya. Ya ɗaura, ya ja wayar birki, ya daidaita, ta hau ta zaga layin ta dawo. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya birkin ya kama lafiya lau.

Ta sauko tana haki ta ce, "Kawu, Allah ya saka. Ka san mai horar da mu ya ce in bai iso ba zai ara mini keken abokiyar tserena Debby, tunda ita ta ji ciwo ba za ta yi ba? Jiya ma ya sake tambayata. Na ce masa ya ba wani, Kawuna ba ya faɗa ya kasa."

A nan ne Allah ya buɗe wa Cornelius ƙofa, ya kuma gan ta a buɗe. Kalma kaɗan ce za ta raba shi da wannan nauyi: karɓi na Debby. Ya buɗe baki, ya dubi mutanen benci da ke ta yaba masa, sai ya ji kansa yana cewa, "Kin yi daidai."

Ranar tseren, da safe, ya je ya tsaya a bakin hanya tare da Madam Nwakaego. Yana ta gaya wa kansa cewa ƙarfe ai ƙarfe ne. Hanyar da aka zaɓa tana da wani dogon gangare mai shigowa gari, a ƙarshensa akwai kwana da kwalbati. Daga inda suke tsaye suna hango masu tseren suna gangarowa. Olivia ce ta biyu a cikin mata, ta sunkuya, iska na kaɗa rigarta. Uwarta na ta kiran sunanta.

Da ta iso kwanar ta matse birki da duk ƙarfinta. Hannun birkin ya karye ya rabu biyu a tafinta. Cornelius ya ga keken ya miƙe bai juya ba, ya ga ya daki bakin kwalbatin, ya ga yarinyar ta tashi sama ta faɗa kan kankare. Ihun da Madam Nwakaego ta yi bai bar kunnensa ba har yau.

Olivia ba ta mutu ba. Amma ƙashin kafaɗarta ya karye, wuyan hannunta na dama ya farfashe, keken mahaifinta kuwa ya lanƙwashe yadda ba mai iya miƙar da shi. Mai horar da su ya tsinci guntun hannun birkin, ya juya shi sau ɗaya ya gane abin da yake. Kafin yamma labari ya kai Manawashi. Aloysius da ya ji, ya ce shi ya faɗa da bakinsa, an ce masa na ɗan makaranta ne.

Edna ce ta ja mijinta zuwa asibiti. Ya tsaya a bakin gado ya kasa ɗaga ido. Madam Nwakaego ba ta ce masa ko sannu ba. Olivia ce ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Kawu, ashe bai zo ba?"

Ya ce, "Bai zo ba, 'yata. Sun ƙi sayar mini."

Ta kafa wa silin ido, hawaye na bin gefen fuskarta. Can ta ce, "To ai da ka faɗa. Keken Debby na nan a jingine har aka tashi, ba wanda ya hau."

Dariyar da ya guda ba a yi masa ita ba. Abin da aka yi masa ya fi dariya ciwo. Mutanen benci suka koma wata inuwar. Masu kekuna suka riƙa wuce rumfarsa suna turawa zuwa gaba, wasu ko gaisuwa babu. A coci in ya zauna, sai ya ga gefensa ya yi fili. An zaɓi masu wakiltar jiha, suka tafi suka dawo, Olivia na gida da hannu a ɗaure. Da aka kwance ɗaurin, yatsunta suka ƙi dunƙulewa sosai. Likita ya ce za ta yi rubutu, za ta yi aikin gida, amma matse birki a kan gudu sai dai a jira ikon Allah.

Ana gobe Kirsimeti Danny ya sauka daga Ingila. Yana buɗe akwati ya miƙo wani ɗan kwali yana fara'a, ya ce, "Yaya, ga saƙonka, ban manta ba." Cornelius ya buɗe. Hannun birki ne na ainihi, mai nauyi, mai santsi, irin wanda ya yi alkawari sak. Ya daɗe yana riƙe da shi. Washegari bayan an taso daga coci ya ɗauka ya nufi Malam Inna, yana ganin ko ba komai haƙƙinsu ne.

Madam Nwakaego ta fito bakin ƙofa. Ya durƙusa ya miƙa mata kwalin da hannu biyu. Ta buɗe ta duba, ta waiwaya ta dubi lanƙwasasshen keken mijinta da ke jingine a bango, ta dubi 'yarta da ke zaune tana murza yatsunta da man zafi. Sannan ta rufe kwalin ta mayar masa.

Ta ce, "Baban Sandra, a jikin wane keke za ka ɗaura shi? Wane hannu ne kuma zai matsa?"

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Ba Cornelius ne ya kafa dokar da ta hana a sayar masa da kaya ba, kuma da ya faɗa tun ranar farko ba wanda zai zarge shi. Abin da ya karya hannun Olivia girman kansa ne, da ya sa ya yar da tsohon kaya kafin sabo ya zo, ya kuma zaɓi ƙarya a kan kunyar yini ɗaya. Duk wanda aka ba amanar aiki, musamman aikin da ran mutum ya rataya a kansa, ya koyi cewa "ban samu ba" tun lokacin da faɗin haka zai yi amfani. Gaskiyar da aka faɗa da wuri tana barin wa mutum damar neman wata hanya. Wadda aka jinkirta kuwa, ko ta zo daga baya, ba ta gyara abin da ya riga ya karye.