Mutumin da Ya Yi wa Kansa Ta'aziyya

An yi wani mutum a nan ƙasar Magariya, ba zan faɗi sunansa ba. Ɗan kasuwar wake ne da gyaɗa, rumbunansa cike, gonakinsa sun kai hanyar Bande. Yana da ɗa guda namiji, Abdulwahabu, wanda ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya shiga jami'a.

Ya 'yan uwa, ku da 'ya'yanku ke karatu kun san yadda ake raba tallafin ɗalibai. Kowa ya kai dosiyensa, wato kundin takardunsa. Kwamiti ya zauna, ya duba makin yaro, ya duba shekarunsa, ya duba halin iyayensa. In maki ya zo kusa da juna, maraya ake sawa a gaba.

A shekarar nan gurbi ɗaya ya rage. Wadda ke kansa wata yarinya ce daga Guci, Zahara'u, 'yar wani manomi makaho. Abdulwahabu na bayanta da kaɗan. Mutumin nan zai iya ɗaukar karatun yara goma bai ji a jikinsa ba, amma ransa ya ƙi. Sai ya samu wani ma'aikaci marar tsoron Allah, aka rubuta masa takardar shaidar mutuwa da sunansa, aka buga hatimi. Ya ninke ta da hannunsa ya sa a dosiyen ɗansa. Aka cire Zahara'u, aka sa maraya.

Ya manta kwamitin nan yakan aiko mai bincike. Ranar kasuwa da hantsi sai ga wani a kan babur, ya tarar da shi zaune a ƙofar gida yana shan fura.

"Salamu alaikum, Baba. Nan ne gidan marigayi, mahaifin Abdulwahabu?"

Me za ka ce, ɗan uwa, in kai ne? Ga ƙofar tuba an buɗe masa har gida. Sai ya ajiye ludayi ya ce, "Nan ne. Ni ƙanensa ne."

Baƙon ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Mutumin nan ya ɗaga hannu biyu ya ce amin. Suka shafa tare. Wallahi duk sanda na tuna wannan amin ɗin, tsigar jikina tashi take yi. Mai rai, da fura a bakinsa, yana karɓar gaisuwar mutuwar kansa a gaban Wanda ya ba shi numfashin.

Shekara uku babu abin da ya faru. Har ƙiba ya ƙara.

Amma yaron ya koyi darasi a hannun ubansa, wanda ya fi na jami'a shiga kai. Ya gane takarda tana iya kashe mutum. Da ya gama karatu, ya ɗauko takardar mutuwar ya nuna shi ne magaji, ya sayar wa wani baƙo gonakin nan kaf, ya tsallaka iyaka. Da damina ta faɗi uban ya fita da masu shuka, ya tarar da wasu suna shuka a ciki.

Ya kai ƙara. Alƙali ya karanta takardar, ya dube shi ya ce, "Malam, in kai ne mai gonar, to wa ya kawo wannan? In raye kake, da kai da ɗanka akwai tambayar da za ku amsa a gidan kaso. Yanzu faɗa mini, kai wane ne?"

Karo na biyu ke nan, kuma karo na biyu ya ce shi ƙanen mamacin ne.

Labari ya bazu. Abokan ciniki suka janye, don wa zai ƙulla magana da wanda ba ya cikin masu rai? A kasuwa ba a ƙara kiran sunansa ba, Marigayi ake ce masa, yana amsawa.

Zahara'u kuwa ta koma Guci. Na gan ta da idona tana jan sandar babanta zuwa masallaci, takardar bak ɗinta tana cikin kwalla. Yarinyar da ta so ta zama ungozoma. Matan da za ta karɓi haihuwarsu, wa ya san yawansu in ba Allah ba? Duk suna wuyan mutumin nan.

Bara ya cika da gaske. Aka je yankar takardar mutuwa, aka ce ba a yi wa mutum biyu. A wajen jana'iza sahu ɗaya bai cika ba. Na ji wani dattijo a bayana yana cewa, "Ai ya riga ya yi wa kansa addu'a."

Ya 'yan uwa, gurbin da aka ware wa marar ƙarfi amana ne. Kwamiti takarda yake gani, Ubangiji kuwa yana ganin hannun da ya ninke ta. Duk wanda ke shirin cika dosiyen ɗansa bana, ya rubuta abin da yake so a karanta masa ranar tsayuwa.

Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin raunana, ya buɗa wa Zahara'u wata ƙofa, ya sa kada mu ce amin a kan ƙarya.